Shekarar da Lasifikar Masallacinmu Ta Yi Ƙugi

Ku 'ya'yana, na san abin da aka gaya muku game da barinmu Aliero, domin ni ma an sha faɗarsa a gabana. An ce ubanku ya yi wa masallacin unguwa aikin banza, aka kunyata shi a gaban jama'a, ya kwashe iyalinsa ya koma Jega. Har yau akwai tsofaffin da in suna so su gane ku sai su ce, "Au, ɗiyan Sanda Ƙugi." Ban taɓa ƙaryata labarin ba, kuma na san hakan ya fi labarin kansa yi muku ciwo. Yanzu idona ya daina ganin bakin dalmar da nake liƙa waya da ita, hannuna ya fara rawa, kuma mutanen da na yi shirun dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi. Ku karanta a natse, kada wani ya tsallaka zuwa ƙarshe yadda kuka saba.

Kakanku manomin albasa ne, kuma a wurinsa duk wanda ba ya noman albasa zaman banza yake yi, ko da likita ne. Da na koyi gyaran rediyo na buɗe shago a bakin kasuwa, shekara da shekaru bai taɓa leƙawa ba. In an tambaye shi sana'ata sai ya taɓe baki ya ce ina can ina taɓe-taɓen wayoyi. Na yi aure, aka haifi uku daga cikinku, furfura ta fara leƙo mini a gemu, duk bai sauya ba. Abin da ya juya shi masallacin unguwarmu ne. Alhaji Mamman, dillalin albasa kuma shugaban masu kula da masallacin, ya sayo sabuwar amfilifaya da lasifika huɗu, aka ba ni aikin haɗawa. Ni na zaɓi wurin da za ta zauna, a bangon arewa kusa da inda ladan ke tsayawa, na sa aka fasa bangon aka gina mata akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda ɓarayi. Ranar da aka fara kiran salla da ita, masu aiki a gonakin hanyar Jega sun ce sun ji tar kamar a bayansu ake yi. Washegari bayan la'asar sai ga kakanku a ƙofar shagona. Ya zauna a benci, ya dubi tarkacen rediyoyi kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Can wani baƙo ya kawo gyara, sai na ji ya ce masa:

"Ba shi, shina iyawa. Ɗana na. Shi yah haɗa muna lasihikar masallaci."

Na haura arba'in a lokacin, amma sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a kan kanta, don kada su ga idona. Daga ranar kullum bayan la'asar yana benci.

Dole in gaya muku wane ne Baba Ladan, ko da yake manyanku sun san shi. Abokin kakanku ne tun suna yara, ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin, kuma gidansa manne yake da bangon arewa. Matarsa, Inna Tumba, ita ta shayar da ni. Mahaifiyata ta rasu ina wata huɗu, Inna Tumba tana goyon ɗanta Nasiru, sai ta haɗa mu biyu. Baba Ladan mutum ne mai gaskiya, amma mai taurin kai na ƙarshe, irin wanda in ya faɗi magana sai ya zauna a kanta ko da tana ƙona shi. Lokacin da Nasiru ya zama saurayi ya sayo talabijin ya shigo da ita gida, Baba Ladan ya fito da ita ya ajiye a tsakiyar titi, ya ce ko ita ko shi. Magana ta yi zafi, Nasiru ya bi motar albasa ya tafi kudu, bai sake kwana a gidan ba. A ƙofar masallaci, gaban kowa, Baba Ladan ya ce:

"Ran da akwatin ga yas shiga gidana, ku tuɓe ni daga ladanci. Ban cancanta ba."

Mutane ba su manta da maganar nan ba. Alhaji Mamman musamman bai manta ba, domin ya daɗe yana so ƙanensa ya karɓi ladancin, yana cewa muryar tsohon ta fara rawa. A shekarar da nake ba ku labari kuma Inna Tumba ta yi wata takwas a kwance. Ɓarin jikinta ya shanye, magana sai da ƙyar. 'Yarsu ɗaya tana aure a Karaye, sai jefi-jefi take zuwa, don haka da rana Baba Ladan ne ke jinyarta, da yamma wata maƙwabciya ta zo ta kawo tuwo ta zauna da ita.

Da damina ta kankama sai lasifika ta fara ƙugi. Da an kunna amfilifaya sai ka ji wani gurnani mai kauri ya cika unguwa, kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida an bar injinta yana aiki, muryar Baba Ladan kuma ta nutse a ciki. Da farko ban damu ba. Na ce ai kwandansa ce, ɗan abin da ke tace wuta a cikinta, ta gaji, na sauya ta, ƙugi bai tafi ba. Na cire amfilifayar na kai shago, na haɗa ta da lasifika, na kunna ta tun hantsi har la'asar, shiru, ko tari ba ta yi ba. Na mayar da ita akwatinta, azahar ta yi, ta ɗauki gurnani. Na sauya wayar makirfo. Na kashe fankoki ɗaya bayan ɗaya. Na cire doguwar fitilar nan da nake zargi. Na ce ko danshin bango ne, na shimfiɗa mata katako da roba. Mako biyu ina wannan, kullum da sabon dalilin da zan faɗa wa mutane, kullum kuma azahar ta ƙaryata ni. Masu shawara kuwa ba a magana. Wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba ya ce tiransifomar gari ce. Wani ya ce ɓeraye ne. Wani tsoho ya ja ni gefe ya ce in bar wahalar da kaina, aljanu ne ba sa son ƙara, a nemi turare. Kakanku yana dai zuwa benci, amma na lura ya daina yi wa baƙi bayanin ko ni wane ne.

Ranar wata Juma'a Alhaji Mamman ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ɗaga murya yadda na cikin alwala ma za su ji.

"Sanda, mi ka damun abin ga? Sabo munka saye shi, ko shekara bai cika ba."

"Ina kan dubawa, Alhaji."

"Kana kan dubawa tun yaushe? Azumi saura kwana goma. Malamin da za shi yi muna tahsiri daga Maiyama za shi taho, bayan la'asar za a riƙa zama. Da wanga gurnani za mu tarbe shi? Na ba ka zuwa Litinin. In ba ka iya ba, in ɗauko wani daga Jega, shi duba muna tun daga tushe."

Wannan magana ce ta sa na daina taɓe-taɓe na zauna na yi tunani, abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki takarda na rubuta sallolin da ta yi ƙugi da waɗanda ba ta yi ba, gwargwadon abin da na tuna. Sai abu ya fito fili. Azahar da la'asar kawai take yi. Asuba ba ta yi, magariba da isha ba ta yi. Kuma ko azahar da la'asar ɗin, in an ɗauke wutar gari aka tayar da janareton masallaci, wanda amfilifaya kaɗai yake ɗauka, tsit take. Da wutar gari ce ke da matsala, da asuba ma ta yi. Da amfilifayar ce, da ta yi a shago. Ke nan akwai wani abu a kusa da ke aiki da wutar gari, ana kunna shi da rana, ana kashe shi da yamma. Ranar Asabar na shiga masallaci kafin azahar, ba kowa, na kunna amfilifaya na rage ƙara, na kafa kunnena a ƙaramar lasifikar ciki. A nan na ji abin da hayaniyar mutane ta hana ni ji. Ƙugin ba ɗaya ba ne. Zai yi kauri na ɗan lokaci, sai ya sassauta, sai ya sake ɗauka. Fanka ba ta yin haka, firji ba ya yin haka. Abu ɗaya na sani mai yin haka, domin na sha jinsa a shago: tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda ƙugin da take jefa wa na'urorin kusa ke ƙaruwa in hoto ya yi fari, ya ragu in hoto ya yi duhu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce a raina ai babu talabijin a nan kusa, gidan Baba Ladan kaɗai ke manne da mu. Duk da haka na ɗauko ƙaramar rediyona mai batir, na murɗa ta inda babu tasha, na riƙa bin bango da ita a hankali. Bangon gabas shuu kawai take yi. Bangon kudu haka. Da na iso bangon arewa ta fara zuu, da na kai ta jikin akwatin ƙarfen kuwa sai ta ɗauka kamar za ta tsage. Na san masallacin, na san gidan, a cikinsa na yi rarrafe. Bayan wannan akwatin, tazarar da ba ta wuce kamu biyu na ƙasa ba, ɗakin Inna Tumba ne.

Na daɗe a tsaye da rediyo a hannu. Ba na so in shiga gidan nan, amma na shiga. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba, na wuce yadda na saba tun ina yaro. A bayan rumbu na hango farantin tauraron ɗan'adam, ɗan ƙarami, an kewaye shi da zana kamar wurin kiwon kaji. Na ɗaga labulen ɗakin. Inna Tumba tana kwance a gefen da take iya kwanciya, fuskarta a bango, kuma a jikin bangon, kan wani tsohon akwatin kaya, ga talabijin tana aiki ba murya. Tashar nan ce da ke nuna Ɗakin Allah dare da rana. Farin dutsen harabar ya cika allon, mutane sanye da harami suna ta kewayawa. In aka nuno farin fili sai rediyon da ke hannuna ta ƙara zuu, in aka matso kusa da baƙar rigar Ka'aba sai ta sassauta. Na kashe ta. Inna ta juyo da ido kawai, gefen bakinta mai motsi ya yi murmushi.

"Sanda," ta ce, da ƙyar. "Zo. Dubi."

Na durƙusa kusa da ita na duba. Ba ta taɓa zuwa Makka ba. Sau biyu suna tara guzuri, sau biyu albasa tana ruɓewa. Ina nan durƙushe na ji motsi a bayana. Baba Ladan ne, da buta a hannu, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya dubi rediyon, ya dube ni, ya juya ya fita, na bi shi har gindin rumbu.

"Ka gani," ya ce.

"Na gani, Baba."

"Ita ka sa ƙugin ga?"

"Ita ta, Baba. Bayanta na jikin bayan amfilifaya. Kuma wutar ɗakin daga layin masallaci anka jawo ta."

Ya ajiye butar a hankali. Ya ce Nasiru ne ya aiko da ita cikin motar albasa da ta dawo daga kudu, a ƙunshe cikin buhuna, tare da mutumin da ya haɗa ta ya koma a ranar. Ya ce kwana uku tana bayan rumbu yana niyyar fasa ta.

"Tun da ciwon ga yas samu Tumba, in na hita sai kuka. Ba ta son shiru. Na aje mata rediyo, ba ta kula ba. Na yi mata karatu har muryata tad dishe. Ran da na kunna wagga, tun hantsi har la'asar ba ta yi kuka ba. Sanda, shekara hamsin muna tare. Mi kaka so in yi?"

Ban taɓa jin ya tambayi wani abin da zai yi ba. Na ce abu mai sauƙi ne, in zai fita kiran salla ya kashe, in ya dawo ya kunna. Ya girgiza kai. Ya ce shi ma ya fara zargi tun mako guda, ya gwada hakan ranar Laraba, kuma na tuna lalle ranar Laraba azahar ba ta yi ƙugi ba, har na fara yabon katakon da na shimfiɗa. Da ya dawo daga masallaci a ƙasa ya same ta, ta mirgino daga gado tana neman kaiwa ga abin, goshinta ya fashe. Na ce to a matsar da talabijin ɗin zuwa ɗaya bangon. Ya ce in shiga in duba da kyau. A gefe ɗaya kaɗai take iya kwanciya, wuyanta ba ya juyawa, ɗakin kuma gado ɗaya ya cika shi, ba inda za a karkata shi sai an toshe ƙofa. Wancan bangon shi ne duk abin da take gani a duniya. Sauran ɗakin da ke gidan rufinsa ya rushe tun farkon damina.

Saura hanya ɗaya, amfilifaya ce za ta tashi. Amma amfilifaya tana cikin akwatin ƙarfen da aka fasa bango aka gina bisa shawarata, kuma ba wanda zai yarda a sake fasa bangon masallaci ba tare da dalili ba. Na yi tunanin in ɗora wa danshi laifi. Sai na tuna Alhaji Mamman ba yaro ba ne. In na ce bango ne, zai ce bari na Jega ya zo ya tabbatar, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa ba zai yi rabin awa ba zai bi bangon da rediyo yadda na bi. Shi kuma ba Inna Tumba ce ta shayar da shi ba. Dalili ɗaya ne kawai na san ba wanda zai bincika, wato mutum ya ce shi ya yi kuskure. Wanda ya amsa laifi ba a nema masa shaida.

Na gaya wa uwarku da yammacin ranar tana tankaɗe. Ita kaɗai na gaya wa, kuma ku shaida mata, matar da kuke cewa ba ta iya riƙe magana ta riƙe wannan fiye da yadda ni na riƙe ta. Amma ba ta karɓa da daɗi ba. Ta ajiye rariya ta ce:

"Shi kaɗai ad da mutunci? Kai ba ka da shi? Shi yay yi rantsuwa tai, ba kai ba. Ɗiyanka hwa, mi za su ci in mutane sunka daina kawo maka aiki?"

Na ce in aka tuɓe shi, ba ladanci kaɗai zai rasa ba. Irin taurin kansa, a ranar zai fito da talabijin ɗin ya fasa a gaban mutane don ya wanke kansa, Inna kuma ta koma kallon bango.

"To Babanka hwa?" ta ce. "Shi da yaf fara zama bencinka?"

Na miƙe na fita, na bar ta da rariyarta.

Ranar Lahadi bayan la'asar, kafin mutane su watse, na miƙe na nemi a saurare ni. Na ce na gano abin da ke sa ƙugi, kuma laifina ne. Na ce tun farko ban zaɓi wuri mai kyau ba, na kuma jera wayar makirfo tare da wayar wuta, abin da ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba. Na ce sai an fasa bango an mayar da akwatin kudu, kuma ni zan yi aikin da hannuna, kada a taɓa asusun masallaci. Masallaci ya ɓarke. Alhaji Mamman ya ce ashe mako biyu da ɗoriya ina kallonsu suna zargin wuta da ɓeraye alhali na san ni ne. Wani ya ce in mutum ya yi ha'inci a ɗakin Allah, ina ga rediyon talaka. Wani daga baya ya ce "Sanda Ƙugi", aka yi dariya, sunan kuma ya zauna. Sai Alhaji ya juya ya ce:

"Ladan, kai ka hi kowa shan wahalar abin ga. Mi kac ce?"

Baba Ladan yana zaune kansa a sunkuye. Ba zan ɓoye muku ba, ko da yake ni na tsara komai, a wannan lokacin zuciyata ta so ya miƙe ya ce ƙarya nake yi. Bai ɗago ba.

"Allah shi sawwaƙe," ya ce.

Kakanku yana sahu na biyu. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ratsa mutane ya fita. Da na biya gidansa da yamma bai yi faɗa ba. Ya ce kawai:

"Gona tana nan. Ita ba ta kunyata mutum gaban jama'a."

Kwana biyu na yi aikin. Na fasa, na gina, na mayar da akwatin bangon kudu. Na sa wa makirfo waya mai rigar ƙarfe a ciki, na ja wa amfilifaya layinta daban tun daga mita, na kafa rodi a ƙasa na ɗaure ta da shi. Na raba wutar gidan Baba Ladan da ta masallaci ba tare da kowa ya kula ba. Aiki ne mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, kuma ba wanda ya yaba. Malamin Maiyama ya zo ya yi tafsirinsa wata guda, murya tar, Inna Tumba kuma tana bayan bango tana kallon ɗawafi. Amma uwarku ta fi ni sanin mutane. Aiki ya fara ja baya. Masu biki suka daina ɗaukar lasifikata, masu rediyo suka riƙa wuce ni suna kaiwa Jega. Benci ya zauna ba kowa. Kafin albasar rani ta shigo kasuwa na gane in Jega ake kai aikin, gara in je can in jira shi, inda ba a san sunan ba. Haka muka tashi. Ba gudu muka yi ba, da rana tsaka muka loda kaya, amma ba wanda ya zo rakiya sai maƙwabciyar da ke kai wa Inna tuwo.

Kuna iya tambayata ko na yi daidai. Shekaru ina tambayar kaina. Na yi ƙarya a cikin masallaci, wannan ban taɓa samun hanyar wanke shi ba, sai istigfari. Na ja muku suna, na raba ku da garinku. Kuma na yi fushi da Baba Ladan, fushi mai tsawo, domin bai taɓa ce mini sannu ba, ko a ɓoye. Sai da na tsufa na gane cewa mutum irinsa in ya buɗe baki ya gode, ya amsa ke nan cewa ya bar ɗan abokinsa ya ɗauki kayansa, kuma ba zai iya ɗaukar wannan ya ci gaba da hawa kiran salla ba. Na yafe masa. Kada wani cikinku ya karanta wannan ya je ya yi wa iyalin Nasiru kallon banza, shi da kansa ya ba ni izinin rubutawa. Abin da na sani shi ne Inna Tumba ta yi shekara huɗu bayan haka, kuma duk lokacin da na je gaishe ta na same ta fuskarta a sake. Da za a mayar da ni ranar Lahadin nan, ina jin zan sake miƙewa. Abu ɗaya ne kawai ban iya haɗiyewa ba har yau.

Shekara biyu bayan tashinmu aka aiko cewa kakanku ba lafiya. Na hau mota na isa da hantsi. Yana kwance a zaurensa, ya rame har na tsorata, Baba Ladan kuma yana zaune a gefen tabarmar yana yi masa fifita. Inna Tumba tana da rai a lokacin, talabijin tana nan a wurinta, ƙanen Alhaji Mamman kuma bai daina jiran ladancin ba. Na gaishe su na zauna. Kakanku ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu ya kama nawa, abin da bai yi ba tun ina yaro.

"Sanda."

"Na'am, Baba."

"Abin masallaci. Ya yi min ciwo ƙwarai. Amma kowa na kuskure. Na yahe maka."

Na dubi Baba Ladan. Fifitar ta tsaya a hannunsa. Na ga leɓensa ya motsa, na jira. Wallahi na jira. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fifita. Maganar tana bakina, kalma kaɗan ce, kuma ba kowa a zauren sai mu uku. Amma in na faɗe ta, kakanku zai tafi yana ganin abokinsa na shekara saba'in ya zauna shiru an tozarta masa ɗa. Na riƙe hannunsa da hannuwana biyu.

"Na gode, Baba," na ce.

Ban taɓa furta abin da ya yi mini nauyi kamar wannan godiyar ba. Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido kamar wanda ya sauke wani aiki. Kwana biyu bayan haka ya cika.